KOMAWA GUDUN MOTSA JIKI BAYAN CIWON GWIWA

A cikin shawarwarin da ta fitar a shekarar 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata kowane baligi ya motsa jikinsa na minti 150 zuwa 300 a mako, ko kuwa minti 75 zuwa 150 idan motsin mai ƙarfi ne kamar gudu. Jama'a da dama a biranen ƙasar nan sun ɗauki al'adar gudun safe, amma wasu sukan gamu da ciwon gwiwa tun ba su yi nisa ba. Daga nan sai wani ya bar gudun ɗungum, wani kuma ya koma tun gwiwar ba ta warke ba. Dukansu biyu sun yi hasara.

Yadda Gwiwa Take

Gwiwa mahaɗar ƙasusuwa uku ce: ƙashin cinya, ƙashin ƙwauri da ƙoƙon gwiwa. Manyan jijiyoyi huɗu ne ke ɗaure da ita, kuma a tsakanin cinya da ƙwauri akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda ke rage ƙarfin dira. Duk takun da mai gudu ya yi, ƙafarsa tana ɗaukar nauyin jikinsa ninki biyu zuwa uku.

Abin lura shi ne, zuciya da huhu sukan saba da gudu cikin 'yan makonni, amma jijiyoyi sai sun yi watanni kafin su yi ƙwari. Saboda haka mutum yakan ji numfashinsa ya isa, alhali kuwa gwiwarsa ba ta shirya ba.

Gwaji Kafin Komawa

Kada a koma gudu sai an tabbatar da abubuwa huɗu:

1. Kumburi ya sace sarai.
2. Gwiwar tana miƙewa tana lanƙwashewa kamar 'yar'uwarta.
3. Ana iya tafiya da sauri ta minti 30, a kuma hau matakala, ba ɗingishi ba zafi.
4. Ana iya tsayuwa a kan ƙafar ita kaɗai na sakan 30, a ɗan yi tsalle a kanta ba tare da ciwo ba.

Wanda aka yi wa aikin jijiyar gwiwa kuwa, galibi ba a yarda ya fara gudu kafin wata 3, kuma sai da izinin likitansa.

Tsarin Komawa

Akwai wani tsari na mako 9 wanda Josh Clark ya ƙirƙiro a Amurka a 1996 domin masu koyon gudu, kuma Hukumar Lafiya ta Ingila tana koyar da shi. Ana fita sau 3 a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. A makon farko akan fara da tafiyar minti 5, sa'an nan sassarfar sakan 60 da tafiyar sakan 90, ana maimaitawa har minti 20. A hankali ake ƙarawa, har a mako na 9 a yi gudun minti 30 ba tsayawa.

Wanda ciwo ya katse masa tsarin kada ya ɗora daga inda ya tsaya. Idan ya yi makonni da yawa bai fita ba, sai ya koma makon farko. Idan gwiwar ta kwana da ciwo ko ta wayi gari a kumbure, to, an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Sai a huta, a sake makon da ya gabata. Sannu ba ta hana zuwa.

Haka kuma a nemi shimfiɗaɗɗen fili, kamar filin makaranta, a guji gangara da wuri mai ramuka. A riƙa yin gajeren taku, domin yana rage wa gwiwa nauyi. A fita da sanyin safiya ko da yamma lis. Sau biyu a mako a ƙarfafa tsokar cinya da ta ƙugu: a tashi daga kujera a zauna sau 10 ba tare da dafa komai ba, a huta, a maimaita sau 3.

Gargaɗi

Shan maganin kashe zafi domin a samu damar gudu ganganci ne, gama zafin shi ne ɗan saƙon da gwiwa ke aikowa. Idan gwiwa ta sarƙe ta ƙi miƙewa, ko tana gocewa in an taka, ko ta kasa ɗaukar nauyin jiki, ko ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, sai a garzaya asibiti. Jijiyar da ta tsinke a cikin gwiwa ba ta gyaruwa da ja ko murza. Gwamnatin Tarayya tana da asibitocin ƙashi a Dala ta Kano, da Igbobi ta Legas, da Enugu, kuma manyan asibitoci suna da sashen gashin ƙashi.

Ƙafar da ke gudu ita ce ke zuwa gona da kasuwa da wurin aiki. Haƙurin mako guda ya fi jinyar shekara. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.