Matsayin Jirgin Sama Mai Kafaffen Fiffike a Aikin Ceto a Teku

Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba matsayin jirgin sama mai kafaffen fiffike a Rundunar Tsaron Gaɓar Teku ta Amurka, domin sau da yawa jirgi mai saukar ungulu kaɗai ake yabawa.

Dalilin haka a fili yake. Mai saukar ungulu shi ke tsayawa cik a sararin sama ya zura igiya ya ciro wanda ruwa zai ci, kamar yadda aka gani lokacin guguwar Katrina a 2005. Amma kafin a ciro mutum sai an gano inda yake, ga shi kuwa teku faɗi gare ta. Nan ne jirgi irin HC-130 mai inji huɗu ya yi fice, don ya fi gudu, ya fi cin dogon zango, ya kuma fi daɗewa a sama. In ya hangi masu neman agaji, sai ya jefa musu kwalekwalen roba ko famfon kwashe ruwa, sannan ya yi wa mai ceto jagora.

Da can akwai jirgin Albatross mai sauka a kan ruwa, amma rundunar ta daina amfani da shi a 1983. Tun daga nan aikin nema ya zama babban rabon waɗannan jirage, suna kuwa ya koma wani wuri: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma dai gaskiyar magana, wanda ba a gano ba, ba a cetonsa.