Damba da Makaɗan Fada a Lamashegu

Lamashegu unguwa ce a kudancin Tamale, a bakin hanyar Kumasi. Baƙon da ya sauka nan zai fara cin karo da makanikai da masu walda da hayaniyar kasuwa, har ya zaci duk labarin ke nan. Amma unguwar tana da sarkinta, Lamashe Naa, kuma tana cikin ƙasar Dagwamba wadda babban sarkinta, Yaa Naa, yake zaune a Yendi, kusan kilomita 100 gabas da Tamale. Wanda aka naɗa a watan Janairun 2019 shi ne Yaa Naa Abukari na Biyu, bayan shekaru 17 ana takaddamar sarauta.

A kudancin Gana sarki kan kujerar katako yake zama. A nan kuwa kan fatu ake ɗora shi.

Dagwamba ba su ajiye tarihinsu a manyan gine-ginen dutse ba. A kan makaɗan fada suka ajiye shi, waɗanda ake kira lunsi. Gangarsu, lunga, 'yar'uwar kalangu ce: ana rataya ta a kafaɗa, a matse tsirkiyarta a hammata, a doka da lanƙwasasshen makaɗi, sai murya ta hau ko ta sauka kamar mai magana. Bayanta akwai gungon, babbar ganga mai kauri da ke riƙe kiɗan. Aikin lunsi sana'ar gado ce. Lunsi suna cewa kakansu shi ne Bizung, ɗan Naa Nyagsi, sarkin da ya faɗaɗa ƙasar da yaƙi, kuma shugabansu a Yendi yana riƙe da sarautar Namo Naa. Yaro yakan fara da 'yar ƙaramar ganga tun bai kai shiga makaranta ba. Da dare ya zauna gaban babansa ko baffansa yana haddace sunayen sarakuna, wa ya haifi wa, wa ya ci sarautar wane gari, da kirarin kowanne. In ya yi kuskure a sa shi ya maimaita. Shi ya sa tsohon makaɗi kan hango mutum a wurin suna ko zaman makoki ya kama kirarin kakansa, alhali shi mutumin da ƙyar ya san sunan kakan.

Babban aikinsu shi ne samban lunga, wanda ake yi lokacin Sallah a ƙofar fada. Makaɗi guda ya tsaya yana rera tarihin sarakuna tun bayan isha'i har kusan asuba, sauran suna amsa masa. Akwai sassan da ba a taɓawa sai an yi yanka, domin suna ganin tono labarin yaƙi da mutuwar sarakuna ba abin wasa ba ne. Wani Ba'amurke, John Chernoff, ya zauna a Tamale yana koyo wurin Alhaji Ibrahim Abdulai, ya fitar da littafi a 1979, kuma ta hanyarsa jami'o'in waje da yawa suka san lunsi.

Ranar da aka fi ganinsu ita ce Damba, a watan Rabi'ul Awwal. Ana danganta shigowar bikin da Naa Zangina, wanda ya yi sarauta wajen shekarar 1700, kuma a zamaninsa Musulunci ya samu gindin zama a fada ta hannun malaman Wangarawa da Hausawa masu bin hanyar fataucin goro. Somo Damba tana tuna haihuwar Manzon Allah (SAW). Bayan mako guda sai Naa Damba, ranar suna ke nan, kuma ita ce ta sarki. Da safe malamai su zauna a fada suna tsince tsakuwa daga shinkafa, a kewaya bijimi ana addu'a kafin a yanka shi. Da la'asar sarki ya fito, bindigogin gargajiya su tashi, a buɗe fili. Ba a rawar a cakuɗe. Makaɗi ne zai je gaban mutum ya durƙusa ya kira shi da ganga, shi kuma ya fito shi kaɗai ya taka, 'yan'uwa suna manna masa kuɗi a goshi. Kashegari Belkulsi, rakiyar Damba, da hawan dawakai cikin gari. Wasu malamai a Tamale ba sa zuwa, suna ganin kiɗa ya rinjayi Maulidi. Duk da haka fili cika yake yi.

Kwalliyar ranar ita ce rigar saƙi, wadda ake kira batakari ko fugu. An yi mata faɗi daga ƙasa don ta buɗe idan mai rawa ya juya. Irinta Kwame Nkrumah ya sa a Akara daren 6 ga Maris 1957 da ya shelanta 'yancin Gana. Mai saye ya juya cikin rigar ya duba: ta hannu ƙyallaye ne sirara, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, an harhaɗa su da ɗinki, kuma tana da nauyi. Ta garin Daboya ta yi suna wajen rinin baba. A wanke ta da ruwan sanyi, ita kaɗai, a shanya a inuwa, don baba yana zuba.

Akwai kuma abin da ya girmi sarautar kanta. Tindana shi ne mai kula da ƙasa da wuraren tsafinta, galibi gindin wata bishiya ko kurmi da ba a sara. Ga Bugum, bikin wuta na daren tara ga Muharram, dab da cika-cikin Hausawa, inda ake kunna damin ciyawa a bi gari da shi a jefar a wata bishiya.

Bahaushen Zango da zai je fada ya cire takalmi, ya durƙusa, ya bar mai magana da yawun sarki ya isar da gaisuwarsa. In an miƙo masa goro ya karɓa da hannu biyu. Ya kuma tanadi canji a aljihu, domin makaɗin da ya zo gabansa ba ya tashi sai an sallame shi.