BABI NA TARA: SARRAFA HARSHE WAJEN JAGORANCIN ƘANANAN ƘUNGIYOYIN MATASAN KIRISTA

9.0 Gabatarwa

Nazarin zance fanni ne na kimiyyar harshe da ke duba yadda mutane ke karɓa-karɓar magana a zama ɗaya: wa ya fara, wa ya amshe, wa ya yi shiru, kuma me ya sa. Wannan babi ya ɗauki zama iri guda domin a gwada wannan nazari a kansa, wato zaman ƙaramar ƙungiyar matasan Kirista, inda samari da 'yan mata kaɗan kan taru don nazarin Littafi Mai Tsarki da addu'a da tattauna matsalolin rayuwa. An zaɓi wannan zama ne saboda da Hausa ake gudanar da shi a majami'u masu yawa na jihohin Filato da Kaduna da Bauchi da Gombe da Adamawa da Taraba. Har ila yau, malami Kirista da aka tura makarantar sakandare yakan wayi gari an ɗora masa kula da ƙungiyar ɗalibai Kirista, kamar yadda ake ɗora wa takwaransa Musulmi kula da ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Ke nan ɗalibi-malami, ko wane addini yake bi, zai sami abin ɗauka a nan, domin dabarun duk su ne na aikin rukuni a cikin aji.

9.1 Tushen Tsarin

Raba masu bi zuwa ƙananan rukunoni tsohuwar al'ada ce a cikin ikilisiya, amma tsarin da aka fi dangantawa da na yau shi ne na John Wesley a Ingila. A shekarar 1742, a garin Biristol, mabiyansa suna neman hanyar biyan bashin ɗakin taronsu, sai aka raba su rukuni-rukuni na mutum goma sha biyu, kowane rukuni da jagoran da zai riƙa karɓar kwabo ɗaya a mako. Ba a daɗe ba aka lura cewa jagoran da ke ganin mutanensa kowane mako ya fi mai wa'azi sanin halin da suke ciki. Daga nan tara kuɗi ya koma gefe, tambayar lafiyar rai ta zama ainihin aikin zaman.

A Arewacin Nijeriya kuwa, abin da ya ɗaure wannan tsari da harshen Hausa shi ne fassara. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekarar 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa. 'Yan mishan na SIM da SUM sun ga cewa harsunan tsakiyar ƙasar sun yi yawan da ba za a iya fassara wa kowanne littafi ba, saboda haka suka riƙi Hausa a matsayin harshen makarantar bishara da na waƙa. Wannan ne ya sa Birom da Angas da Tangale da Bajju da Bura suka haɗu a kan Hausa a cikin majami'a, har sunayen wasu ɗariku ma na Hausa ne, kamar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. An kafa ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS a Gindiri a 1957, sannan a farkon shekarun 1960 aka fara yunƙurin bishara na Sabon Rai Don Kowa, wanda ya dogara sosai ga ƙananan rukunonin addu'a a gidaje.

9.2 Yawan Mahalarta da Tsarin Zama

Ana iya gane dalilin taƙaita yawan mahalarta da ɗan lissafi. A rukunin mutum 6 akwai hanyoyin magana 15 tsakanin mutum da mutum. A rukunin mutum 12 hanyoyin sun zama 66, a na mutum 20 kuwa sun kai 190. Babu jagoran da zai iya sa ido a kan 190. Haka kuma idan zaman na minti 60 ne, aka cire 20 na waƙa da addu'a da karatu, mutum 20 ba za su sami fiye da minti biyu-biyu ba, in ma jagora bai ce uffan ba. Saboda haka mutum shida zuwa goma sha biyu sun wadatar. A zauna a da'ira, jagora a kan irin bencin da kowa ke kai. Da zarar ya miƙe tsaye ya fuskance su, to zaman ya koma wa'azi, kuma ba a katse mai wa'azi.

9.3 Tambaya

A shekarar 1975 wasu masana biyu na Jami'ar Birmingham, John Sinclair da Malcolm Coulthard, sun nuna cewa zancen aji yakan bi matakai uku: malami ya yi tambaya, ɗalibi ya amsa, malami ya yanke hukunci a kan amsar. A wannan tsari malami ne ke da biyu cikin uku na damar magana. Jagoran matasa da bai yi hattara ba yakan kwaso wannan tsari ɗungurungum ya kawo shi cikin da'ira. A dubi wannan misali da aka ƙirƙira, bayan an karanta labarin ɗan da ya karɓi gadonsa ya lalatar a Luka sura 15:

Jagora: 'Ya'ya nawa mutumin yake da su?
Duka: Biyu.
Jagora: Daidai. Ƙaramin bai kyauta ba, ko ba haka ba?
Duka: Haka ne.
Jagora: Kun gane?
Duka: Mun gane.

An yi tambaya uku, an sami amsa uku, amma babu wanda ya yi tunani. Tambaya ta farko tana da amsa ɗaya tak da ke rubuce a gaban kowa. Ta biyu ba tambaya ba ce, umarni ne da a yarda, domin a Hausa amsar "ko ba haka ba?" daga bakin ƙarami zuwa babba ita ce "haka ne". Ta uku kuwa gaisuwa ce kawai, kamar "ina gajiya?" da amsarta "ba gajiya". A gwada shi da wannan:

Jagora: Da a unguwarku ne yaro ya nemi gado ubansa na raye, me mutane za su ce?
Rifkatu: Za a ce yana so uban ya mutu.
Jagora: Ishaku, ka ji abin da 'yar'uwa ta faɗa. Kai yaya ka gani?
Ishaku: Ni babban ne ya ba ni tausayi. Ya yi ta aiki, ba a taɓa yi masa komai ba.

A nan jagora bai ce "daidai" ba, kuma bai ce "a'a" ba. Ya ɗauki maganar Rifkatu ya miƙa wa Ishaku, sai zance ya fara tafiya tsakanin mahalarta. Abin lura kuma shi ne Ishaku mai yiwuwa kansa yake ba labari a fakaice, ya lulluɓe shi da rigar babban ɗa. Jagora mai basira zai bar shi a cikin rigar, ba zai ce "ko kai ma haka ake yi maka a gida?" a gaban jama'a ba.

Kalmomin tambaya na Hausa ba ƙarfinsu ɗaya ba. "Wa" da "ina" da "yaushe" da "nawa" suna jawo gajeriyar amsa, kuma suna da amfani a farkon zama don a tabbatar an fahimci abin da aka karanta. "Yaya" da "me kake gani" suna buɗe ƙofa. "Don me" kuwa sai da taka-tsantsan, domin a kunnen yaron da ya tashi yana jin "don me ka yi haka?" kafin bulala, kalmar tuhuma ce. Gara a ce "me ya kai shi ga haka?" a kan mutumin cikin labari, kafin a juyo kan mai sauraro.

9.4 Shiru da Kunya

Wata masaniyar ilimi a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai ba sa jira fiye da kimanin sakan ɗaya bayan sun yi tambaya kafin su maimaita ta ko su amsa da kansu. Da aka horar da su su jira sakan uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, kuma yaran da ba sa magana a da suka fara sa baki. Wannan bincike ya fi nauyi a wurin da ake tarbiyyar yaro a kan kada ya riga babba magana, kada ya haɗa ido da shi. Shirun matashi a irin wannan muhalli sau da yawa ladabi ne, ba jahilci ba. Idan kuma Hausa ba harshensa na farko ba ne, yana buƙatar lokacin da zai juya tunaninsa daga wani harshe zuwa wani.

Akwai abubuwan da ke ƙara wa shirun nauyi. Idan Baba Fasto ko wani dattijon ikilisiya ya shigo ya zauna, ko da niyyar ƙarfafa gwiwa ne, bakin kowa yakan mutu. Idan wa da ƙanwarsa suna rukuni ɗaya, da wuya ƙanwar ta faɗi abin da ke ranta. Batutuwan balaga da neman aure kuwa sun fi tafiya idan an ware maza da mata, kowane ɓangare da jagora na jinsinsa.

Kishiyar mai shiru shi ne mai cika wuri da magana, kuma kowane rukuni yana da nasa. Hausa ta tanadi makami mai taushi domin shi, wato wakilin suna na boye-mai-aiki, "a". Jimlar "ka yi shiru" tana nuna mutum da yatsa. Jimlar "madalla, ɗan'uwa, bari a ji ta bakin wannan ɓangaren" ta yi aiki ɗaya ba tare da an kunyata kowa ba.

9.5 Wace Hausa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar malamin Hausa, kuma a nan ne ya fi saurin yin ɓarna. Yawancin matasan waɗannan ƙungiyoyi Hausa harshe na biyu ce gare su, ko kuma sun tashi da irin Hausar da ake yi a Jos da Kafanchan da Yola. A wannan Hausa ba a cika bambanta jinsi ba, sai a ji "mamana ya zo". Baƙaƙe masu ƙugiya sukan rasa ƙugiyarsu, "ƙauna" ta koma "kauna", "ɗa" ya koma "da". Ana kuma yawan surka Ingilishi a tsakiyar jimla. A ajin nahawu aikin malami ne ya koyar da daidaitacciyar Hausa. A da'irar zumunta kuwa, yarinyar da ta tattara ƙarfin halinta ta ce "babana ya kori mamana, ya koma gidansu", aka gyara mata da "ta koma", ta sami darasin nahawu, amma ba za ta ƙara buɗe baki ba, wataƙila ma mako mai zuwa ba za a gan ta ba. Idan jagora yana son a ji daidaitaccen siga, ya isa ya yi amfani da shi a cikin tasa amsar ba tare da ya nuna gyara yake yi ba.

Matsala ta biyu ita ce ta ma'anar kalmomi. Hausar majami'a ta ɗauki kalmomi da yawa na gama-gari ta ba su ma'ana ta musamman. "Baiko" a wurin Bakano sa ranar alkawarin aure ne, a majami'a kuwa kuɗin da ake bayarwa lokacin ibada ne. "Sujada" a wurin Musulmi sa goshi a ƙasa ne, a wurin Kirista dukan taron ibada ne. "Zakka" a Musulunci ɗaya cikin arba'in ce ta kuɗin da suka kai nisabi, a majami'a kuwa ɗaya cikin goma ce ta abin da mutum ya samu. "Alheri" a kasuwa kyauta ce ko kirki, a tauhidin Kirista kuwa tagomashin Allah ne da mutum bai cancanta ba. Matashi yana iya rera waɗannan kalmomi a waƙa shekara goma bai taɓa tsayawa a kan ma'anarsu ba. Tambaya irin "yaya za ka bayyana alheri ga ƙanenka ɗan shekara bakwai?" tana fallasa wannan giɓi fiye da kowace jarrabawa.

Ga kuma bambancin juyi. Wani zai zo da fassarar 1932 da ya gada a wurin kakarsa, wani da wadda aka sabunta daga baya, wani kuma yana karantawa daga wayarsa. Wasu jagorori suna ɗaukar wannan a matsayin rikici. A gaskiya dama ce, domin idan aka karanta aya ɗaya a juyi biyu aka tambayi inda suka bambanta, an sa matasa aikin kwatanta fassara ba tare da an kira shi da sunan ba.

9.6 Amana da Iyakarta

Ba a faɗin abin da ke zuciya sai inda aka tabbata ba zai fita ba. Jagoran da ya mai da damuwar wani "abin addu'a" ya sanar a babban taro ya rushe rukuninsa da hannunsa. Amma riƙon asiri yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗi iyakar tun zaman farko. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Idan irin wannan ya bayyana cewa ana cin zarafinsa, ko yana tunanin hallaka kansa, jagora ba zai riƙe maganar shi kaɗai ba, sai ya kai ta ga hukumar makaranta ko shugabannin da ke da alhakin kare yaron, bayan ya gaya wa yaron cewa zai yi haka.

A makarantar da ta haɗa addinai, sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi koyarwa ko ibadar addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Don haka halartar zaman ganin dama ce. Malamin da ke jagorantar da'ira da yamma shi ne zai shiga aji da safe ya koyar da yaran kowane addini, kuma kalmar da ya bari aka yi wa wani addini ba'a da ita a da'ira za ta riga shi isa ajin.

9.7 Aiki

Kowane ɗalibi-malami ya nemi izinin halartar zaman wata ƙaramar ƙungiya da ake yi da Hausa, ta addini ko ta karatu, na tsawon minti 30. Ya rubuta tambayoyi goma na farko da jagora ya yi kamar yadda suka fito daga bakinsa, ya ƙirga sakan nawa ya jira bayan kowacce, ya kuma lura da mutum nawa ne ba su ce komai ba har aka tashi. Daga nan ya sake gina uku daga cikin tambayoyin ta yadda ba za a iya amsa su da "i" ko "haka ne" ba. Kada a rubuta sunan kowa a cikin rahoton.