Nutso da Ɗaukar Hoto a Ƙarƙashin Bahar Maliya

Alhazan da suka bi ta ƙasa a zamanin da, suka haye daga Sawakin ko Fot Sudan zuwa Jidda, bisan Bahar Maliya kaɗai suka gani. Wannan darasi zai bayyana abin da ke ƙarƙashinta, da yadda mutum ke sauka ya ɗauko hotonsa, ya komo da ransa.

1. Duwatsun murjani

Kusa da gaɓar Sudan akwai duwatsu cikin ruwa waɗanda wasu 'yan ƙananan halittu ke ginawa, dangin murjanin da mata ke ado da shi. Kowace takan yi wa kanta gida na farar ƙasa mai tauri. In ta mutu, wata ta yi gini bisa nata, har a yi tudu bayan shekaru dubbai. Nan kifaye ke samun abinci da mafaka.

2. Kayan nutso

A 1943 Faransawa biyu, Jak Kusto da Emil Ganyan, suka ƙago na'urar da mai nutso ke goyawa. Tulu ne na ƙarfe da aka danƙara wa iska, da wani famfo mai ba mutum iskar daidai da ƙarfin ruwan da ke danne shi. Daga nan aka sami ikon yawo ƙarƙashin teku ba tare da igiya ko mesa daga bisa ba.

3. Dokoki biyu

Ruwa yana da nauyi. A zurfin ƙafa 33 dannin da ke kan mutum ya ninka na tudu sau biyu, a ƙafa 66 sau uku. Saboda haka aka kafa dokoki biyu.

Ta fari, kada mai tulu ya riƙe numfashi yana hawowa. Iskar da ya shaƙa a ƙafa 33 takan kumbura ta ninka biyu kafin ya kai bisa, in ba ta sami mafita ba sai ta fasa huhu.

Ta biyu, kada ya hawo da gaggawa. Wani sashe na iska, watau naitirojin, yakan narke cikin jini a zurfi. In an fito farat ɗaya sai ya yi kumfa, ya kawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Don haka akan dakata minti 3 a ƙafa 15 kafin a fito.

4. Ɗaukar hoto

Akan sa kyamara cikin akwatin da ruwa ba ya shiga. Amma babbar wahala ita ce haske, gama ruwa yana shanye launi. Ja ke fara ɓacewa, sa'an nan rawaya, har kome ya koma shuɗi. Dole mai hoto ya riƙa fitila, ya kuma matsa kusa ƙwarai, domin iyakar yawan ruwan da ke tsakaninsa da kifi, iyakar dushewar hoton. Duk da haka an hana shi dafa murjanin ko taka shi, gama abin da ya karya cikin ƙiftawar ido sai an yi shekaru kafin ya komo.

5. Sha'ab Rumi

A 1963 Kusto ya kafa gida ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, arewa da Fot Sudan, a zurfin wajen ƙafa 33. Mutanensa suka zauna ciki wata guda suna aiki. Sinimar da suka ɗauka ta fito a 1964, ta ci kyautar Oska a Amurka. A 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa duwatsun Sanganib, da ke wannan gaɓa, cikin wuraren tarihi na duniya.

6. Amfanin hoton

In ruwan teku ya yi zafi fiye da kima, murjani yakan yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu, kifi ya watse, masunta su rasa abinci. Da hoton bara da na bana ake gane ɓarnar tun da wuri, kamar yadda a zamanin da hakimi kan gwada littafin haraji na bana da na bara.

Ana roƙon hakimai su sa malamansu su karanta wa jama'a wannan darasi, musamman masu sana'ar ruwa.