DARASI: WAƘA TANA DA MAI ITA

Wanda ya koyi karatu da rubutu yana iya jin waƙa a rediyo, ya rubuta ta cikin littafinsa don amfanin kansa. Wannan ba laifi ba ne. Amma idan ya kai takardar wurin mai fotokopi, aka buga masa ɗari, ya shiga kasuwa yana sayarwa, to ya ci haƙƙin wani.

Wanda ya tsara baitoci shi ke da su. Wanda ya tsara kiɗa shi ke da shi. Kiɗa ma ana rubuta shi: ana jan layi biyar bisa takarda, a sa alamomi, makaɗi ya duba ya kaɗa. Wannan rubutu shi ma yana da mai shi.

Abin da doka ta ce

A shekarar 1993 Nijar ta kafa dokar kare haƙƙin mawaƙa da marubuta. An sabunta ta a 2010. Mai waƙa kaɗai ke ba da izini a buga waƙarsa, a sayar da ita, ko a juya ta cikin wani harshe. Ko kyauta za a rarraba ta, sai an tambaye shi. Dole ne a sa sunansa bisa takardar. Wanda ya sayi takarda ɗaya, takardar ya saya, waƙar tana nan hannun mai ita.

Idan mawaƙi ya rasu, haƙƙinsa yana komawa ga magadansa. Nijar tana cikin yarjejeniyar ƙasashe ta birnin Bern, wadda ta ce a kare wannan haƙƙi aƙalla shekara 50 bayan rasuwa.

A 1995 aka kafa ma'aikatar BNDA a Yamai. Tana karɓar kuɗi daga masu amfani da waƙoƙi, kamar gidajen rediyo, ta raba wa masu waƙoƙin da suka yi rajista.

Waƙoƙin gargajiya da ba a san wanda ya fara su ba, kamar na daka da na gaɗa, dukiyar ƙasa ne. Kowa yana iya rera su wurin biki. Mai son ya buga su don ciniki sai ya nemi izini.

Manomi ko macen da ke tsara waƙa su rubuta ta, su sa sunansu da ranar da suka gama, su adana takardar, kuma su yi rajista. Ranar gardama, wannan takarda ce shaidarsu gaban alƙali.

Tambayoyi

1. Wa ke ba da izinin buga waƙa?
2. Wa ke cin haƙƙin mawaƙi bayan rasuwarsa?
3. Mene ne aikin BNDA?