Ladubban Ɗalibi a Cikin Aji

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan uwa, darasinmu na wannan karo ya shafi ƴaƴanmu da ke lise, wato shekaru 3 na ƙarshe kafin jarrabawar bakaloriya. Sau da yawa mukan ga yaro ya durƙusa gaban malamin zaure, kansa sunkuye, amma gari na wayewa ya shiga aji a lakwal ya ɗaga wa mushe murya. Alhali ladabi guda ne, duk wanda ya koyar da kai abu mai amfani yana da haƙƙi a kanka, ko Fiƙihu ne ko lissafi.

Abin da ake nema ga ɗalibi

Na farko, kiyaye lokaci da yin shiru. Mu ƙaddara aji yana da ɗalibai 60. Idan ɗaya ya makara, ko wayarsa ta yi ƙara, har aka ɓata minti 10, to ya cinye minti 600 na jama'a, wato awa 10. Wa zai biya wannan bashi?

Na biyu, tambaya cikin ladabi. Suratul Kahfi ta ba mu labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi: duk da girman matsayinsa, sai da ya nemi izini kafin ya bi bawan Allah da zai koyar da shi, ya kuma karɓi sharaɗin da aka gindaya masa. Ɗalibi ya ɗaga hannu, ya jira a ba shi dama. In malami ya yi kuskure, ya tunatar da shi a hankali, ba don aji ya yi dariya ba.

Na uku, riƙon amana a jarrabawa. Satar amsa ha'inci ce. Maki 8 bisa 20 na gumin mutum ya fi 15 na sata, domin mai 8 ya san inda zai gyara, mai satar kuwa gobe shi za a damƙa wa marar lafiya a asibiti ko aji cike da yara.

Na huɗu, kiyaye mutuncin abokan karatu, musamman ƴan mata, da kayan makaranta. Tebur da allo dukiyar jama'a ce, ƙannenmu na jiran su.

Yadda horo ya kamata ya kasance

Magabata sun riga mu yin nazari a kan wannan. Muhammad ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya wajabta wa malami daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka a littafinsa Adabul Mu'allimina, ya kuma hana shi yin horo don huce haushinsa. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406 Miladiyya, ya yi gargaɗi a Muƙaddima cewa tsanantawa tana koya wa yaro ƙarya da yaudara saboda tsoro.

Don haka horo hawa-hawa ne: nasiha a keɓe, sannan gargaɗi, sannan kiran uwaye, sannan majalisar ladabtarwa ta makaranta. Ɗan lise baligi ne. Zagin uwayensa ko tozarta shi gaban aji ba ya ƙara masa komi sai taurin kai.

Nauyin da ke kanmu

Mu uwaye, in makaranta ta kira mu, mu je da ƙafarmu, kada mu aika ƙane ko maƙwabci. Mu saurari malami kafin mu goyi bayan ɗanmu. Mu duba takardar sakamako, mu karanta abin da aka rubuta game da halinsa kamar yadda muke duba makinsa. Wanda bai taɓa taka ƙofar makarantar ɗansa ba, ya daure ya je a wannan mako.

Allah Ya shiryar da zuriyarmu, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya saka wa malamansu da alheri. Amin.