Yadda ake tace ruwan Nilu da ƙwayar zogale a Alsawra

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, gidaje da dama a Alsawra da sauran unguwannin Omdurman suka koma sayen ruwa wajen masu amalanken jaki, wani daga rijiya, wani kai tsaye daga kogi. Tashar Al-Manara da aka buɗe a 2010 tana iya tace lita miliyan 200 a rana, amma sai da wutar lantarki. Da wutar ta ɗauke a watan Mayun 2025, kwalara ta yi ɓarna a jihar Khartoum. Shi ya sa nake ganin tsohuwar dabarar matan ƙauyukan bakin Nilu, wadda Dokta Samia Al Azharia Jahn ta yi wa littafi a 1981, ta cancanci a sake koyar da ita a kowane gida.

Kafin a ɗauko turmi, a fara duban ruwan. Koguna biyu ne suka haɗu a Mugran da ke Khartoum, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Shuɗin Nilu yana sauko da lakar duwatsun Habasha, daga Yuli zuwa Satumba ya yi jawur. Farin Nilu kuwa madatsar Jabal Auliya, wadda aka gama a 1937 kimanin kilomita 40 kudu da Khartoum, tana tare shi ya kwanta ya zama tafki. A nan gansakuka ke yaɗuwa, ga ruɓaɓɓen ganyen wata irin kainuwa mai shuɗin fure da ta mamaye kogin tun ƙarshen shekarun 1950, ga kashin dabbobi. Duk wannan yana farfashewa ya zama ɓurɓushi mai yawo cikin ruwa.

Wannan ɓurɓushi shi ne gindin maganar. Bakteriya da yawa ba su yawo su kaɗai. Suna maƙalewa jikin ɗan ɓurɓushin, su fitar da wani yauƙi da zai riƙe su, su saki sinadarin da ke narkar da shi, su ci su hayayyafa. A kan tsaba guda da ido da ƙyar zai gani, ana samun iri-iri a cunkushe fiye da yadda suke a ruwan da ke kewaye. Galibinsu ba su cutarwa, aikinsu ruɓar da matattun abubuwa ne. Amma masu cutarwa ma a nan suke fakewa, kuma ƙwayar kwalara an san ta da manne wa ɓawon ƙananan halittun ruwa. Wanda ya saukar da ɓurɓushin ƙasa, ya saukar da mazaunansa.

A samo zogalen da ya bushe a kan bishiya, ba ɗanye ba. A fasa kwanson, a ɓare baƙin ɓawon da fukafukansa, a bar farar ƙwayar. Wadda ta yi duhu ko ta yi fumfuna a yar da ita. A daka ta yi laushi, a tankaɗe. Ruwan damina mai laka yana son ƙwaya ɗaya ga kowace lita, in ya yi kauri sosai har biyu. Mai ɗan haske kuwa ƙwaya ɗaya ta isa lita biyu zuwa huɗu. Yawaita gari ba ya ƙara tsabta, abinci kawai yake ƙara wa bakteriyar da ta rage.

A zuba garin cikin kwalba da rabin kofi na ruwa mai tsabta, a girgiza na kamar minti biyar, a tace da farin ƙyalle cikin bokitin. Sai a kaɗa da ƙarfi minti biyu, a koma juyawa a hankali minti goma. Nan ne masu gaggawa ke ɓata aikin. Ƙwayar zogale tana da wani furotin da ke jan laka da bakteriya zuwa jikinsa, kuma juyawar sannu ce ke ba su damar haɗuwa su zama gudaje irin na kunun da bai damu ba. In aka ci gaba da kaɗawa da ƙarfi, gudajen sai su warware.

A rufe bokitin, kada a taɓa shi sa'a ɗaya zuwa biyu. Wani bincike da aka buga a 1987, wanda aka yi da ruwan Nilu, ya nuna bakteriya na raguwa da kashi 90 cikin ɗari ko fiye a wannan ɗan lokaci, amma wasunsu suna sake yawaita idan ruwan ya kwana.

Sai a tsiyaye na sama a hankali ta cikin tsohon zanen auduga mai tsabta da aka ninka huɗu. A ƙauyukan Bangladesh, tacewa da irin wannan zane kaɗai ta rage kwalara da kusan rabi, kamar yadda Rita Colwell da abokan aikinta suka bayyana a 2003.

Ruwan zai fito garau, kuma a nan nake roƙon iyaye mata kada haskensa ya ruɗe su. Zogale ba ya kashe komai da komai. A tafasa ruwan, ko a saka ƙwayar kulorin a jira rabin sa'a. Kulorin ma ya fi aiki yanzu, domin ɓurɓushin da ke kare ƙwayoyin cuta daga gare shi ya ragu sosai. Daga nan a juye cikin randa, wadda mutanen Sudan ke kira zir, a rufe bakinta, a ware mata moɗa mai dogon hannu.

Lakar da ta kwanta a gindin bokiti tana cike da abin da ake gudu. A haƙa ɗan rami nesa da madafa da wajen wasan yara a binne ta, a wanke bokitin da sabulu. Ruwan a shanye shi a ranar, gobe kuma a daka sabon gari.